Darasi na 9: Jinyar Doki Mai Amosanin Gaɓɓai

Duk wanda ya daɗe yana kiwon doki ya san makon da ke bin hawan sallah. A makon ne za ka ji ana cewa dokin wane ya ƙi taka ƙafa, na wane gwiwarsa ta kumbura, na wane kuma sai an yi ta fama kafin ya fito daga barga da safe. Wani ɗingishin ƙaya ce ko ƙusa, wani kofato ne ya tsage, wani jijiya ce ta ji ciwo. Amma a cikin dawakin da suka kwana biyu suna aiki, abin da ya fi yawa shi ne amosanin gaɓɓai, wato lalacewar gaɓa a hankali a hankali. Littattafan likitancin dawaki sukan kawo ƙiyasin cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ɗingishin dawaki yana da alaƙa da wannan ciwo.

Tun kafin mu yi nisa, ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe magana ɗaya. Amosanin gaɓɓai ba ya warkewa. Babu allura, babu gari, babu saiwar da za ta mayar da gaɓar da ta lalace yadda take tun asali. Abin da jinya ke iya yi shi ne ta rage wa doki raɗaɗi, ta rage saurin lalacewar, ta kuma ba shi damar ci gaba da aikin da ya yi daidai da ƙarfinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin doki mai wannan ciwo, in ya sami mai kula, yakan yi shekaru ana hawansa.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓa

In kana son ganin abin da idonka, je wurin mahauci ka roƙe shi ya buɗe maka gaɓar ƙafar sa. Za ka ga bakin kowane ƙashi a lulluɓe da wani farin abu mai santsi da ƙyalli. Shi ne guringuntsi. Za ka kuma ga ɗan ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda in ka ɗiga tsakanin yatsu biyu ka buɗe su sai ya ja zare. Shi ne ruwan gaɓa. Wata jaka mai laushi ce ta kewaye gaɓar, ita ke yin ruwan, ita ke riƙe shi. Haka gaɓar doki take.

Guringuntsi ba shi da hanyar jini, ba shi kuma da jijiyar jin ciwo. Daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma abincin ba ya ratsa shi sosai sai in ana taka ƙafa ana ɗagawa. Taki ya matse shi, ɗagawa ta sake shi ya tsotsi ruwa. Saboda haka dokin da ke wuni yana kwana a turke, guringuntsinsa ba ya samun abin da yake bukata. Rashin jijiyar jin ciwo kuwa shi ya sa lalacewa kan yi nisa kafin mai doki ya farga.

Idan gaɓa ta sha duka fiye da ƙima, jakar nan sai ta kumbura ta fara fitar da wasu sinadarai masu cin guringuntsi. Ruwan gaɓa ya ƙaru, amma ya tsinke, yauƙinsa ya ragu. Guringuntsi ya yi kaushi, ya tsattsage, a wani wurin ya cinye har ƙashi ya bayyana. Ƙashin da ke ƙarƙashi ya taurare, a gefen gaɓa kuma wani sabon ƙashi ya tsiro. Shi ne ƙullutun nan mai tauri da hannu ke ji a ƙafar tsohon doki. Gaɓoɓin da ciwon ya fi kamawa su ne gwiwar gaba, da wuyan ƙafa (gaɓar nan mai tsiron gashi a bayanta, wadda kan sauka kusa da ƙasa in doki na gudu), da ƙananan gaɓoɓin da ke tsakanin wuyan ƙafa da kofato, sai kuma gaɓar ƙafar baya mai tsini, wadda za mu kira gwiwar baya a wannan darasi.

Tsufa yana kawo shi, haka ma karkatacciyar ƙafa ta haihuwa, da ɓallewar ɗan guntun ƙashi a cikin gaɓa, da sa dukushi aiki mai nauyi tun ƙashinsa bai nuna ba. Amma ina ganin a wajenmu babban dalili shi ne yadda muke raba shekarar doki gida biyu. Watanni yana ɗaure yana cin gero da dusa da harawa har ya yi kitse. Sai sallah ta zo a ɗora masa kaya masu nauyi da mahayi, a fita da shi bisa kwalta. A Kano hawa huɗu ne a jere: Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, sannan Hawan Ɗorayi ko Fanisau. Ga jafi, inda ake sako doki a guje a ja linzami ya tsaya cak, nauyin duka ya sauka a gwiwar baya da wuyan ƙafa. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na gado, kuma abin alfahari ne. Sai dai ƙafafun dawaki ne ke ɗauke da wannan al'ada, kuma dokin da ba a shirya shi ba shi ke biyan kuɗinta. Dawakin folo na Katsina da Kaduna da Kano su ma suna da tasu wahalar, ta juyi da tsayawa da sauri.

Gane ciwo kafin sayen magani

Alamar farko ita ce tauri. Doki ya fito da safe yana taka ƙasa a takure, bayan tafiyar minti 10 ko 15 sai ka ga ya saki jiki. Da yawa sukan ce lalaci ne ko sanyi, alhali gaɓa ce. Daga baya sai ya fara gajarta taki, yana tuntuɓe, yana jan bakin kofaton baya har ya goge, yana ƙin juyawa ta gefe ɗaya, ko yana ƙin ba da ƙafa in za a duba masa kofato.

Ga yadda za ka gano ƙafar da ke ciwo. Sa yaro ya ja dokin da sassarfa a wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, ya sassauta ragama don kada ya riƙe masa kai. Kai kuma tsaya a gaba ka zuba ido. In ciwon a ƙafar gaba yake, doki zai ɗaga kai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauke kai lokacin da mai lafiyar ta taka. In a baya yake, koma bayansa ka dubi kuturi, za ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya hawa da sauka. Sannan bi ƙafafun da tafin hannu, kana gwada ta dama da ta hagu, kana neman zafi, ko kumburi mai laushi, ko ƙullutu mai tauri.

Likitan dabbobi zai ƙara a kan wannan. Zai lanƙwasa gaɓar ya riƙe na ɗan lokaci sannan ya sa a ja dokin, don ya ga ko ɗingishin ya ƙaru. Yakan auna tsananin ɗingishi daga 0 zuwa 5. Yana iya yin allurar kashe wuri daga ƙasa zuwa sama, mataki mataki, har ya kai inda ɗingishin ya ɓace, ya san nan ne ciwon yake. Hoton ƙashi kuma zai nuna ko gaɓar ta matse ko sabon ƙashi ya tsiro. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, wurare ne da ya dace a tuntuɓa in abin ya fi ƙarfin asibitin dabbobi na kusa.

Akwai hali biyu da ba a jira a kansu. Na farko, gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, doki ya ƙi aje ƙafar sam, musamman in akwai rauni a kusa ko an yi allura a wurin kwanan nan. Wannan alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga gaɓa, kuma suna iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Dole a nemi likita a ranar, ya wanke cikin gaɓar ya ba da maganin ƙwayoyin cuta. Jaririn doki ma yakan kamu da haka ta cibiya, musamman in bai sha dakashi sosai ba a ranar haihuwa. Na biyu, doki ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, kofatansa da zafi. Wannan kumburin naman cikin kofato ne, wanda yawan hatsi da ƙiba kan jawo. Ba amosanin gaɓɓai ba ne, kuma wasu magungunan gaɓa suna iya ƙara masa tsanani.

Jinyar da ke hannunka

A nan ne ya kamata mai doki ya fi ba da ƙarfi, domin nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Fara da kofato. Kofaton doki yana tsiro kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata. In bakinsa ya yi tsawo, duk takin da doki zai yi sai ya yi ƙoƙarin ɗago ƙafar a kan wannan tsawon, gaɓoɓin sama su ɗauki wahalar. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, nauyi zai riƙa sauka a ɓangare ɗaya na gaɓar. A riƙa gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, a rage baki, a daidaita gefe da gefe, a ɗan kewaye bakin da zarto don ƙafa ta riƙa mirginawa cikin sauƙi. Ka tsaya a gaban dokin ka duba: ƙafar da aka gyara daidai tana sauka a shimfiɗe, ba ta fara taɓa ƙasa da gefe ɗaya ba.

Sai ƙiba. Mun saba yaba doki in ya cika ya yi sheƙi, har ana cewa mai shi ya iya kiwo. Amma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake, kuma duk kilon da ya ƙaru su ne za su ɗauka. Gwajin mai sauƙi ne. Shafa haƙarƙarinsa da tafin hannu. Ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, amma kada ido ya gan su daga nesa. In sai ka danna kafin ka ji su, ko wuyansa ya tara kitse ya yi tauri, a rage hatsi a bar masa ciyawa da ingirici.

Motsi kuwa shi kansa magani ne. Doki mai amosanin gaɓɓai ya fi jin daɗi in yana tafiya kullum, ko da ta minti 20 ko 30 ce, a kan ƙasa mai laushi wadda ba ta da zurfin yashi. Kilisar yau da gobe a hankali ta fi masa sukuwar rana ɗaya a mako nesa ba kusa ba. In akwai fili, a kwance shi daga turke ya yi yawonsa, a kuma rage masa dabaibayi. Kafin kowane aiki a fara da tafiya ta kamar minti 15 har jikinsa ya saki. Wanda ke da niyyar hawan sallah ya fara shirya dokinsa tun saura wata biyu, yana ƙara nisa da nauyi kaɗan kaɗan. Hutu na ɗaure yana da ranarsa, wato lokacin da gaɓa ta tashi ta yi zafi da kumburi. Da zarar ta lafa, a koma tafiya.

Bayan aiki, in ka ji gaɓa da ɗumi, zuba mata ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20, ko ka naɗa mata tsumma da ƙanƙara a ciki. Da hunturu kuma, lokacin da tauri ke ƙaruwa, a kare barga daga iska a lulluɓa masa bargo da dare. A zuba masa yashi mai laushi ko ciyawa a makwanci. Doki mai ciwon gaɓa yakan ji tsoron kwanciya a kan siminti don ya san tashi zai yi masa wuya, sai ya daina samun barci mai nauyi.

Magungunan kashe ciwo

Wanda aka fi sani a duniyar dawaki shi ne fenilbutazon. Yana zuwa a gari cikin 'yar leda, kamar samfurin Equipalazone, yana kuma zuwa a allura. Yana da araha, yana aiki sosai, kuma nan ne haɗarinsa yake, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa ba ta da faɗi. Yana iya jawo gyambon ciki, da kumburin babban hanji, da lalacewar ƙoda. Haɗarin ƙoda ya fi yawa ga dokin da bai sha isasshen ruwa ba. Doki yana bukatar kimanin lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyinsa a rana in yana hutawa, da bazara ko ranar aiki kuwa abin yakan ninka. Ka duba ranar hawa: rana ta take, doki ya wuni yana gumi, ba a tsaya an shayar da shi ba, ga magani a jikinsa.

Ana ba da wannan magani ne bisa nauyi, tsakanin miligiram 2.2 zuwa 4.4 ga kowane kilo a kowane shan. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima, amma a wajen magani kimar ido ba ta wadatarwa. Ga yadda ake ƙiyasta nauyin doki da tef ɗin tela. Auna kewayen ƙirji a bayan kafaɗa, inda majayi ke zama. Auna tsawo daga ƙashin gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Duka a santimita. Ninka kewayen ƙirji da kansa, ka ninka abin da ya fito da tsawo, sannan ka raba da 11,880. Misali, doki mai ƙirji 160 da tsawo 145: 160 sau 160 ya ba da 25,600, sau 145 ya ba da 3,712,000, a raba da 11,880 ya ba da kimanin kilo 312. Wannan doki rabonsa yana tsakanin miligiram 686 da 1,373. Leda ɗaya ta giram 1 miligiram 1,000 ce. Ke nan wanda ya juye masa leda biyu a lokaci ɗaya ya zarce iyaka da nisa. Yawancin dawakinmu na gida ba su kai girman dawakin Turai ba, don haka abin da ya dace da doki mai kilo 500 ya yi wa namu yawa. An kawo wannan lissafi ne don ku fahimci dalilin da likita ke tambayar nauyi. Shi ne zai yanke adadi da yawan kwanaki, kuma ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin adadin da zai sa doki ya sami sauƙi.

In doki na shan maganin ya daina cin abinci, ko ya fara zawo, ko ciwon ciki, ko ƙasan cikinsa ya kumbura, ko ka ga gyambo a bakinsa, tsayar da magani nan take ka kira likita. Allurarsa a jijiyar jini kawai ake yi, in ta zuba a nama wurin yakan ruɓe. Mutum kada ya kuskura ya sha shi don ciwon gwiwarsa, domin yana iya hana ɓargo yin jini. Saboda wannan dalili ne aka hana naman dokin da aka taɓa ba shi maganin shiga abincin mutane a Turai, kuma shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da suka tayar da hankali a 2013, lokacin da aka gano naman doki a kayan abincin da aka rubuta naman shanu a jikinsu. Akwai sassan ƙasar nan da ake yanka dawaki a ci, don haka mai sayar da tsohon doki ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ya ba shi.

Akwai 'yan'uwansa. Fuluniksin, wanda aka sani da sunan Banamine, an fi amfani da shi a ciwon ciki, kuma shi ma ba a son a yi allurarsa a nama don yana iya jawo mummunan ruɓewar tsoka. Firokoksib, wato Equioxx, da meloksikam, wato Metacam, sun fi sauƙi ga ciki, shi ya sa likitoci kan zaɓe su ga dokin da zai daɗe yana shan magani, ko da yake su ma ba a sake da su. Akwai kuma man shafawa na diklofenak da aka yi don dawaki, mai suna Surpass, wanda ake shafawa a kan gaɓar. Kada a haɗa biyu daga cikin waɗannan magunguna na sha ko na allura a lokaci ɗaya, haɗin yana ƙara haɗarin ciki da ƙoda.

Likitocin dabbobi sun saba jin wannan magana ana gobe ko jibi sallah: "Likita, don Allah a yi masa wadda za ta tashe shi, jibi ne hawa." Amsar likitan kirki ita ce: "Alhaji, allurar tana nan, amma ciwon kawai za ta ɓoye. Gaɓar tana nan yadda take." Ciwo shi ne ke hana doki ɗora nauyi a ƙafar da ta lalace. In aka kashe ciwon aka sa shi jafi, zai taka da ƙarfinsa duka, guringuntsin da ya rage ya ƙarasa cinyewa, wani lokaci ma ƙashi ya karye a ƙarƙashin mahayi a tsakiyar jama'a. A ganina wannan ita ce ɓarna mafi girma da ake yi da waɗannan magunguna.

Allurar cikin gaɓa

Idan likita ya tabbatar da gaɓar da ke ciwo, yana iya sa magani a cikinta kai tsaye. Wanda aka fi amfani da shi dangin kotizon ne, masu kashe kumburi da ƙarfi. Tiramsinolon an fi sa shi a gaɓoɓi masu yawan motsi kamar gwiwar gaba da wuyan ƙafa. Metilfirednisolon an fi barinsa ga ƙananan gaɓoɓin gwiwar baya marasa motsi sosai, don bincike ya nuna yana iya cutar da guringuntsi. Sau da yawa akan haɗa su da hayaluronik, wato sinadarin da ke ba ruwan gaɓa yauƙinsa. Sauƙin da ake samu yakan kai makonni ko watanni, amma ba ya dawwama.

Wannan aikin likita ne shi kaɗai. Duba yadda ake yinsa: a kai doki wurin da ba ƙura, a goge fatar da sabulun kashe ƙwayoyin cuta na mintuna, likita ya sa safar hannu sabuwa, allura sabuwa, kwalbar magani sabuwa wadda ba a taɓa hudawa ba. Duk wannan saboda ƙwayar cuta kaɗan in ta bi allura ta shiga ta isa ta hallaka gaɓar. Bayan allura doki zai huta 'yan kwanaki, mai shi kuma ya sa ido har mako biyu ko fiye, domin kotizon yakan jinkirta bayyanar alamun cuta. Haɗari na biyu shi ne kumburin naman cikin kofato, musamman ga doki mai ƙiba. Wannan haɗari yana nan ga mai yi wa dokinsa allurar deksametazon a kai a kai ba da sanin likita ba. Hukumar sukuwar dawaki ta Birtaniya ba ta barin doki ya shiga tsere sai ya cika kwana 14 bayan allurar kotizon a gaɓa. Mai shirin hawa ya ɗauki darasi a nan.

Sauran hanyoyi

Akwai allurai da ake yi a nama don taimakon guringuntsi. Adequan ana yinsa miligiram 500 duk bayan kwana 4, har sau 7. Fentosan ana yinsa sau ɗaya a mako har mako 4, kuma Amurka ta amince da shi don dawaki a 2022. Akwai kuma sababbin dabaru inda ake ɗiban jinin dokin kansa, a sarrafa shi, a mayar da wani ɓangarensa cikin gaɓa, da wani magani mai kauri irin na Arthramid. Duk suna da tsada, wasu suna bukatar na'ura da sanyi, kuma ba ɗayansu da ke tsirar da sabon guringuntsi mai lafiya. Garin gulukosamin da kondiroyitin da ake zubawa a abinci kuwa, hujjar amfaninsu ga doki ba ta da ƙarfi. Mai kuɗi kaɗan ya fara biyan mai gyaran kofato da likita kafin ya saye su. Kowane magani za ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Tiyata tana da wurinta. In guntun ƙashi ya ɓalle a cikin gaɓa, ana iya cire shi ta ɗan ƙaramin rami da na'ura mai kyamara, aikin da Farfesa Wayne McIlwraith na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka yake cikin waɗanda suka bunƙasa shi. Cire guntun da wuri yana rage ɓarnar da zai yi. A gaɓoɓi marasa yawan motsi, kamar na ƙasan gwiwar baya da wadda ke sama da kofato, ana iya haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya. In sun haɗe gugar ta ƙare, ciwo ya ragu, doki da yawa sukan koma aiki.

Lalas da tsaga

Dole a yi maganar lalas, domin har yanzu ana yi. Akan gasa ƙarfe a ɗora a kan gaɓar da ta kumbura, ko a yi tsaga a shafa magani mai zafi. Ba mu kaɗai ba ne, Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙona ƙafafun dawaki, kafin yawancin likitocinsu su bari saboda ba a sami hujjar amfaninsa ba. Masu yi suna da gaskiya in sun ce sun ga doki ya sami sauƙi bayan lalas. Abin da ya faru shi ne ƙunar ta tilasta an bar dokin ya huta makonni, hutun ne ya kwantar da kumburi. Ana iya ba shi wannan hutu ba tare da wuta ba. Ƙuna ko tsaga a kan gaɓa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, ga kuma cutar tetanus mai sandarar da jiki, wadda doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Magabatanmu sun yi abin da suka sani da abin da ke hannunsu, mu kuwa mun sami abin da ya fi shi.

Idan ciwo ya yi nisa, a sauya wa doki aiki. Wanda ba zai iya jafi ba yana iya tafiyar rakiya a hankali, wanda ba zai iya wannan ba yana iya ɗaukar yaro a fili mai laushi. In kuwa ya kai ga ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, yana ramewa, magani ya daina yi masa aiki, to a zauna da likita a yi shawarar abin da ya fi zama jinƙai gare shi.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya sami doki ɗaya, nasa ko na maƙwabci, da izinin mai shi. Ya auna ƙirji da tsawo ya fitar da nauyinsa. Ya sa a ja shi da sassarfa ya rubuta abin da ya gani a kai da kuturi. Ya shafa haƙarƙari, ya duba kofato huɗu, ya tambayi ɗan barga yaushe aka gyara su, awa nawa dokin ke yi a turke kowace rana, da kuma ko an taɓa ba shi maganin ciwon ƙafa, wane iri, nawa, kuma wa ya rubuta. Ku zo da amsoshin a rubuce. Wanda ya tarar da gaɓa mai zafi da kumburi, doki ya ƙi aje ƙafa, kada ya jira ranar aji, ya gaya wa mai dokin ya nemi likita a ranar.